Sigarin Lantarki da Neman Yawan Tururi: Lissafin Wuta da Zafi a Gabashin Sakkwato

Sigarin lantarki na'ura ce da ke ɗumama wani ruwa mai ɗauke da nikotin, wato sinadarin ganyen taba da ke kama mai sha har ya kasa dainawa, sai ruwan ya koma tururi mai kauri da ake zuƙa ba tare da an ƙona ganye ba. Wani masanin haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin mai suna Hon Lik ne ya ƙera samfurin da ya yaɗu a duniya a shekarar 2003, aka fara sayar da shi a 2004, kuma har yau mafi yawan waɗannan na'urori daga masana'antun birnin Shenzhen suke fitowa. A Najeriya sun fi zama kayan manyan birane irin su Legas da Abuja da Kano, inda ake samun su a wurin masu sayar da shisha da dillalan intanet, amma abin da ya shiga kasuwar Kano ko ta Sakkwato ba ya daɗewa bai bi motocin 'yan kasuwa zuwa garuruwan da ke kewaye ba. Saboda haka ya dace a duba abin da ke faruwa a cikin na'urar idan mai ita ya nemi ta ba shi tururi fiye da wanda take bayarwa, a kuma auna wannan da yanayin garuruwa irin su Wurno da Rabah da Goronyo, domin sharuɗɗan kiyaye haɗari da aka tsara a ƙasashe masu sanyi da tsayayyiyar wuta ba su yi la'akari da bazarar Sakkwato ba.

Taba ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. An daɗe ana noma ta a fadamun Gulbin Rima da na Gulbin Sakkwato tare da albasa da shinkafa da tafarnuwa, ana tauna garinta da kanwa, ana shaƙa, ana cusa ta a lofe, mata kuma suna rina haƙora da furenta da goro. Hukuncinta ma tsohuwar muhawara ce tsakanin malaman Malikiyya, tun lokacin da Ahmad Baba na Tambutu ya ba da fatawa a 1607 cewa shanta bai haramta ba muddin ba ta gusar da hankali, wasu malaman kuma suka saɓa masa, kuma irin wannan saɓani ne ɗaliban ilmi suka gada a garuruwan malamai kamar Wurno, ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, inda ya rasu a 1837. Sigarin kwali ya samu gindin zama daga baya, musamman bayan da kamfanin taba na Najeriya ya buɗe masana'antarsa a Zariya a 1959, zamanin da ɗan Rabah, Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, yake Firimiyan Jihar Arewa. Duk waɗannan nau'o'in taba sun haɗu a abu ɗaya: ƙarfinsu yana cikin ganyen, kuma mai sha ba shi da wata dabara ta ninka shi. Sigarin lantarki ne ya fara danƙa wa mai sha ikon ƙara ƙarfin abin da yake zuƙa da hannunsa, kuma daga nan ne matsalar ta samo asali.

Sassan na'urar huɗu ne, kuma duk wanda ya taɓa gyara fitilar aci-balbal zai gane uku daga ciki. Akwai tanki da ke riƙe ruwan, akwai lagwani na auduga da ke tsotso shi, akwai kuma wata siririyar waya da aka naɗe a jikin lagwanin, wadda masu gyaran janareta za su kira kwayil, ita ce ke yin zafi a madadin harshen wuta. Na huɗu shi ne batirin litiyam mai caji. Ruwan kansa haɗi ne na gilisarin, wani ruwa mai kauri da zaƙi da ake samu daga man tsirrai, da furofilin gilaikol, wanda ya fi shi tsinkewa kuma ya fi ɗaukar ƙamshi, sai nikotin da kayan ɗanɗano. Tururi yana ƙaruwa idan an ƙara wutar da ke shiga kwayil, ko an faɗaɗa jikin wayar da ke taɓa lagwani, ko an buɗe ƙofofin iska, ko an yawaita gilisarin a cikin ruwan, kamar haɗin da ake sayarwa mai kashi 70 na gilisarin. Buɗe iska da yawaita gilisarin ba su da wani haɗari na nan take. Ƙarin wuta kuwa shi ne wurin da ake samun rauni da gobara, don haka shi ya fi cancantar a tsaya a kansa.

Manomin rani da ke ban ruwa a ƙarƙashin madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984 don ta riƙe ruwa kyubik mita miliyan 942, ya riga ya san dokar da ke tafiyar da wannan lissafi, ko da bai san sunanta ba. Tsayin ruwa a bayan madatsa shi ne ƙarfin turawa, kuma a harkar lantarki ana auna shi da bolt. Ƙuncin ƙofar da ruwan ke bi shi ne turjiya, wato yadda waya ke hana wuta wucewa, ana auna ta da om. Yawan ruwan da ke kwarara ta ƙofar kuma shi ne yawan wutar da ke gudana, ana auna shi da amfiya. Dokar da Bajamushe Georg Ohm ya bayyana a 1827 ta ce idan aka raba bolt da om, abin da ya fita shi ne amfiya. Batirin litiyam da ya cika caji yana ba da bolt 4.2, don haka kwayil mai turjiyar om 1.5, irin na ƙananan na'urori, yana jan amfiya 2.8, ya ba da zafin da bai wuce wat 12 ba, wato bolt sau amfiya. Idan aka cire shi aka sa mai om 0.15, irin wanda masu neman gajimaren tururi ke so, wutar da ake ja ta koma amfiya 28, zafin kuma ya kusa wat 118. An faɗaɗa ƙofa sau goma, ruwa ya ninka sau goma, madatsar kuwa tana nan yadda take.

Madatsar a nan ita ce batir, kuma tana da iyaka. Manyan na'urori sun fi aiki da batir mai siffar gora da ake kira 18650, sunan da ke nufin faɗinsa milimita 18 ne, tsawonsa kuma 65. Kowane irin wannan batir yana da adadin amfiyar da zai iya bayarwa a kai a kai ba tare da ya yi zafi fiye da kima ba, kuma mafi ingancinsu, waɗanda kamfanoni irin su Samsung da LG da Murata ke yi don injinan huda da makamantansu, sukan tsaya tsakanin amfiya 20 zuwa 30. Akwai kuma ciniki tsakanin juriya da daɗewa: batirin da ke riƙe caji mai yawa ba ya iya sakin wuta mai yawa a lokaci guda, kuma ba kasafai 18650 na gaskiya ke wuce kimanin 3,600 a ma'aunin caji da ake rubutawa a jikinsa ba, saboda haka wanda aka rubuta wa 9,900, kamar yadda ake gani a batiran fitilu masu araha, ya riga ya shaida wa mai saye cewa ƙarya ce a jikinsa tun daga leda. Kamfanonin da ke yin na gaskiyar ma sun sha bayyana cewa ba su ƙera su don a sayar wa mutane tsirara ɗaya-ɗaya ba, sun yi su ne don a harhaɗa su a cikin akwati mai na'urar kariya.

Wannan batu yana da nauyi na musamman a kasuwannin yankin, domin batirin 18650 ya riga sigarin lantarki isa ƙauye. Shi ne a cikin tocila mai caji da fanka mai caji da akwatin ajiye caji na waya, kuma da yawa daga waɗanda ke yawo a hannun masu gyara an ciro su ne daga tsofaffin batiran kwamfutar tafi-da-gidanka, aka sake yi musu riga. Irin waɗannan an ƙera su ne don su ba da 'yan amfiya kaɗan na tsawon sa'o'i, sun kuma riga sun tsufa, ga shi girmansu ɗaya da na masu juriya, suna shiga ramin na'urar daidai kamar an auna. A cikin tocila ba za su taɓa nuna aibinsu ba, amma idan aka nemi amfiya 28 daga batirin da iyakarsa biyar, zafi zai taru a cikinsa, siririn labulen da ke raba ɓangarorinsa biyu zai narke, sai sinadaran su shiga ƙona kansu ta yadda zafi ke haifar da ƙarin zafi, kuma da zarar an kai wannan mataki babu maɓallin da zai tsayar da shi. Tunda batirin yana cikin bututun ƙarfe ne, iskar da ke fita daga gare shi ba ta da mafita sai ta ƙarshen bututun, wanda a lokacin zuƙa yake fuskantar baki da ido.

Alƙaluman da aka tattara a Amurka sun nuna girman abin. Hukumar kula da gobara ta ƙasar ta lissafa fashewa ko gobara 195 da suka shafi sigarin lantarki daga 2009 zuwa 2016, mutane 133 suka ji rauni, 38 daga cikinsu munanan raunuka, wani bincike kuma da aka buga a 2018 ya ƙiyasta cewa mutane 2,035 ne aka kai sashen gaggawa na asibitoci da ƙuna ko raunin fashewa daga 2015 zuwa 2017. A 2018 wani mutum ya rasu a jihar Fulorida, a 2019 wani ya rasu a Tekzas, kuma dukansu da na'urar da ba ta da ƙwaƙwalwar lantarki, wato bututun ƙarfe kawai da maɓalli da ke haɗa batir da kwayil kai tsaye. Irin wannan na'ura ba ta san iyakar batir ba, ba ta kuma yanke wuta idan waya ta taɓa jikin ƙarfe. Masana harkar ma ba sa ba sabon shiga shawarar taɓa ta, kuma a wurin da ba a iya tabbatar da asalin batir, babu wata hujja da za ta sa a yi amfani da ita.

Na'ura mai ƙwaƙwalwa, wadda ke nuna wat a ɗan gilashinta kuma ke yanke wuta idan zafi ya yi yawa ko waya ta haɗe, ta rage haɗarin ƙwarai, sai dai ita ma ba ta san wane batir aka sa mata ba. Lissafinta kuma ya bambanta da na farko, domin tana riƙe wat ɗin da aka zaɓa ne ko da caji ya ragu, ta hanyar ƙara jan amfiya yayin da bolt ke sauka, ma'ana batirin ya fi shan wahala a lokacin da ya kusa ƙarewa. Idan aka saita ta a wat 60, batirin kuma ya sauka zuwa bolt 3.2, tana jan kusan amfiya 20, kuma daga nan ne aka samo ƙa'idar da aka saba bi cewa kada a wuce wat 60 ga kowane batir mai juriyar amfiya 20. Na'urar da ke cin batir biyu tana buƙatar su zama iri ɗaya, a saye su tare, a caje su tare, domin idan ɗaya ya fi ɗaya rauni shi ne zai fara gazawa. Kowane kwayil da aka saya a kwali yana ɗauke da rubutun iyakar wat ɗin da ya dace da shi, kuma hanyar da ta fi aminci ita ce a jiƙa lagwani sosai kafin a kunna, a fara daga ƙasan wannan iyaka, a riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan.

Duk waɗannan lambobi an auna su ne a ɗakin gwaji mai zafin digiri 25 ko kusa da haka. Masu ƙera batirin litiyam sun iyakance cajinsa ga yanayin da bai wuce digiri 45 ba, aikinsa kuma ga wanda bai wuce 60 ba. A gabashin Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana yakan haura digiri 40 a inuwa, a cikin shagon langa-langa ko motar da aka rufe kuwa ya wuce haka nesa, don haka tazarar da masu ƙira suka bari don kariya ta riga ta cinye kafin a danna maɓalli. Ga kuma yadda ake samun caji. Wutar kamfanin rarraba lantarki na Kaduna, wanda yankinsa ya haɗa da Sakkwato da Kabi da Zamfara, ba abin dogaro ba ce a waɗannan garuruwa, shi ya sa sana'ar cajin waya ta bunƙasa, inda ake jera na'urori da dama a kan katako ɗaya, da janareta ko faifan sola, da cajoji na kowane iri, mai shago kuma ba shi da halin tsayawa a kan kowace ɗaya. Wayar hannu tana da kariya mai yawa a cikinta. Batir tsirara ko sigarin lantarki mai araha da aka bari a irin wannan katako da tsakar rana, a kan cajar da ba tasa ba, yana cikin yanayin da takardar gargaɗin masu ƙera shi ta hana ɗaya bayan ɗaya. Idan ba makawa sai an yi caji, safiya ko bayan faɗuwar rana sun fi, a kan siminti ko ƙasa, nesa da katifa da jarkar fetur, a kuma cire shi da zarar ya cika.

Aljihu ma wurin haɗari ne. Kusan kashi ɗaya cikin uku na abubuwan da hukumar gobara ta Amurka ta lissafa sun faru ne a cikin aljihu, kuma dalilin a fili yake: dukan jikin ƙarfen batirin 18650 ɓangare ɗaya ne na wuta, siririyar ledar da ke lulluɓe da shi ce kaɗai ta raba shi da ɗaya ɓangaren, saboda haka idan ledar ta yage, makullin babur ko wani ɗan ƙarfe ya taɓa wurin, wuta ta haɗe nan take. Batirin da rigarsa ta yage, ko ya loɓa, ko ya kumbura, ko ya yi tsatsa ya gama aiki, wanda yake lafiya kuma wurinsa akwatin roba. Ƙunar da irin wannan ke jawowa a cinya ko hannu takan yi zurfi, ga kuma sinadaran batirin a cikin raunin, kuma matakin farko shi ne a cire tufafin da suka kama, a kwarara ruwa mai tsabta mai sanyi a wurin na kimanin minti 20, a guji shafa manja ko ƙwai ko man goge baki. Ƙuna mai zurfi aikin ƙwararru ce irin waɗanda ke Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a birnin Sakkwato, kuma a shekarun nan da 'yan bindiga suka addabi hanyoyin gabashin jihar, fita da majiyyaci daga ƙauyen Rabah ko na Goronyo da dare abu ne da iyali kan yi dogon tunani kafin su yi.

Ko da batir ya zauna lafiya, ƙarin tururi yana nufin ƙarin abin da ke shiga huhu. Ƙananan na'urorin da ake sha a jefar sukan zo da ruwa mai nikotin miligiram 50 a kowane mililita, fiye da ninki biyu na iyakar 20 da Tarayyar Turai ta sa, an kuma yi su ne don ɗan tururi kaɗan. Manyan na'urori an saba zuba musu mai miligiram 3 zuwa 6 kawai, domin suna cin ruwa ninkin-ba-ninkin. Wanda ya zuba ruwan farko a na'ura ta biyu zai gamu da jiri da amai da zufa da bugun zuciya, alamomin da manoman taba suka sani a jikinsu idan sun yini suna tsinkar ganye mai raɓa, saboda nikotin yana ratsa fata. Ruwan kuma yana ƙamshin mangwaro ko alewa, abin da ya sa kwalbarsa ta zama guba mai jan hankalin yaro a gidan da yara suka yi yawa. Zafi da kansa yana sauya ruwan: idan kwayil ya fi ƙarfin abin da lagwani ke kawo masa, auduga takan babbake, gilisarin da abokin haɗinsa su tarwatse su ba da akrolin mai cin huhu da fomaldihaid, sinadarin da ake adana gawa da shi, wanda aka tabbatar yana jawo ciwon daji, kamar yadda wani bincike ya same shi a tururin a 2015, wani kuma na Jami'ar Johns Hopkins a 2018 ya samu dalma da nikel da kuromiyam a cikin tururin. Ɗanɗanon ƙauri alama ce cewa an wuce iyaka. Ƙara wani mai a tanki don a yi kauri, ko na turare ne ko na habbatus sauda, ya fi wannan muni, domin huhu ba ya narkar da mai, kuma annobar ciwon huhu da ta kwantar da mutane 2,807 a asibitocin Amurka ta kashe 68 daga 2019 zuwa farkon 2020 an danganta ta ne da wani mai na bitamin E da aka gauraya a ruwan tabar wiwi na bayan fage.

Adalci ya sa a faɗi cewa hukumomin lafiya na Ingila suna ganin sigarin lantarki ya fi na kwali sauƙin illa ga wanda ya riga ya kamu da shan taba, kuma akwai gwaje-gwaje masu ƙarfi da suka nuna yana taimaka wa wasu su daina. Amma wannan hujja ba ta buƙatar gajimaren tururi, ƙaramar na'ura ta wadatar da ita, kuma ba ta shafi saurayin da bai taɓa shan sigari ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a Disamban 2023 cewa ƙasashe 34 sun haramta sayar da shi, 74 kuma ba su da wata doka a kansa. Dokar hana yaɗuwar shan taba ta Najeriya ta 2015 da ƙa'idojinta na 2019 sun hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, sun hana sayar da sigari kara-kara, sai dai an tsara su ne da ganyen taba a zuciya, kuma duk wanda ya ga yadda mai tebur ke sayar da kara ɗaya a kowace tasha ya san nisan da ke tsakanin rubutun doka da teburin mai shayi.

Saura abin da ake yi da na'urar idan ta mutu. Ingila ta haramta sayar da irin waɗanda ake sha a jefar tun 1 ga Yunin 2025, bayan an ƙiyasta cewa ana zubar da kusan miliyan biyar a kowane mako, kowace da ɗan batirin litiyam a cikinta, suna ta tayar da gobara a motocin shara. A garuruwan kwarin Rima juji ba ƙarshen tafiyar shara ba ne, domin ko dai a cinna masa wuta, inda batirin zai fashe a kusa da yaran da ke tsince-tsince, ko kuma a kwashe shi a kan jaki ko amalanke kafin damina a kai gona a matsayin taki, ya bi ƙasar da ake shuka albasa da tafarnuwa.